Yadda ake aikin sansanin hutu da yara masu buƙata ta musamman a Katsina

Shekarar da muka fara haɗa yara a hutun damina, a wata makarantar firamare cikin birnin Katsina, an kawo mana wani yaro ɗan shekara tara a keken guragu. Muka yi murna sosai. Muka nema masa wuri mai kyau a gindin bedi (wanda Kanawa ke ce wa darbejiya), in an raba lemo shi ake fara bai wa, duk baƙon da ya zo sai an kai shi wurinsa an yi hoto. Kwana biyar yana nan yana kallon 'yan'uwansa suna ƙwallo. A na shida mahaifiyarsa ta aiko cewa ba zai zo ba. Na je gidan na tambaya ko wani ya yi masa wani abu. Ta ce, "A'a Malam, ba wanda ya yi mashi komi. Cewa ya yi in dai kallo ne, a ƙofar gida ma yana yi."

Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan maganar ya samo asali. In ka karɓi aikin sa kai a sansanin hutu, na ƙungiyar unguwa ne, na 'yan agaji, na sikawut ko na Islamiyya, kuma aka ce za a haɗa da yara masu naƙasa, to abin da za ka auna kanka da shi kowace yamma shi ne ko yaron nan ya shiga cikin abin da ake yi, ya yi gumi, an ci shi, ya ci wani.

Mataki na farko: fara daga gidan yaron

Sanarwa a masallaci ko a rediyo ba ta fito da waɗannan yaran. Da yawansu iyaye sun saba barinsu a gida, wasu don kunya, wasu don tsoron a wulaƙanta musu ɗa, wasu kuwa don ba abin hawa. Sai ka taka. Fara da mai unguwa, don shi ya san gidan da ke da yaron da ba a ganinsa a waje. Daga nan ka je wurin shugabannin masu naƙasar su kansu. Ƙasar Hausa tana da sarkin makafi da sarkin guragu da sarkin bebaye tun kafin zuwan ƙungiyoyin zamani, ga kuma reshen jiha na haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu naƙasa ta ƙasa, JONAPWD. Malaman makarantar makafi ta Katsina da ta kurame da ke Malumfashi su ma sun san ɗalibansu da ke hutu a gida ba abin yi.

In ka shiga gidan, bayan gaisuwa, nemi wanda ke ɗawainiya da yaron a zahiri. Sau da yawa maigida ne zai tarbe ka, amma amsoshin suna wurin mahaifiya ko kaka ko wata yaya 'yar shekara goma sha biyu. In kai namiji ne, ka tafi da malama da za ta shiga ciki. Kada ka ɓata lokaci kan sunan lalurar a likitance, iyaye da yawa ba a taɓa gaya musu ba. Tambayi abin da zai yi maka amfani ranar Litinin da safe. Yaya yake nuna yana jin fitsari? Yana cin abinci da kansa, yana ƙwarewa? Wane magani yake sha, ƙarfe nawa, guda nawa? Ya taɓa faɗuwa da farfaɗiya, yaushe ne na ƙarshe? Me ke firgita shi, in ya firgita me ke kwantar masa da hankali? Me ya fi so a duniya?

Sannan ka juya ga yaron, ka durƙusa daidai tsayinsa, ka tambaye shi da kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ga yarinyar da mahaifiyarta ta rantse ba ta iya saka takalmi, ashe ta iya, hanzarin gida ne bai taɓa barinta ta gama ba.

Duk wannan ka rubuta shi a kati ɗaya, fuska ɗaya, da lambar waya biyu ta gida. Katin amana ne, mai kula da yaron da shugaban sansani kawai ke ganinsa. Iyaye su sa hannu ko dangwale kan amincewarsu, amincewar ɗaukar hoto kuma daban take. Wanda ya ce ba a ɗaukar ɗansa, ba a ɗauka. Ni da za a bi tawa, hoton yaro ba zai hau Facebook don neman tallafi ba ko da iyayen sun yarda, domin yaron zai girma ya tarar da shi.

Game da suna: a takarda muna rubuta "masu buƙata ta musamman". Manyan makafi kuwa ba sa jin komai in sun kira kansu makafi, har sarauta suke da ita. A cikin sansani ba ka buƙatar ko ɗaya. Yaro yana da sunan yanka, da shi za a kira shi. "Gurgun nan" da "beben nan" ka hana su tun ranar farko, haka ma "Allah sarki" da ake yi da karyar da kai duk sa'ad da ya wuce.

Mataki na biyu: zagaya wurin a zaune

Ari keken guragu ka zauna a ciki, ka tura kanka daga bakin get zuwa aji, zuwa famfo, zuwa makewayi. Gani ya kori ji. Rairayin Katsina yana cinye tayar keke, kuma dogon hutu yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar damina, lokacin da filin da ka gani busasshe jiya zai wayi gari taɓo. Inda za a bi kullum a zuba marmara a daddaɓe, ko a shimfiɗa katako.

Inda akwai matakala ana yin gangare. Ƙa'idar da magina ke bi ita ce kowane awo ɗaya na tsayi a ba shi awo 12 na tsawo. Dandamalin da ya tashi santimita 15 yana buƙatar gangare mai tsawon santimita 180. In ka gajarta shi ya zama tudu, yaro ba zai hau da kansa ba, a saukowa kuma yana iya kifewa. Ƙofa ta kai kamar santimita 90 a faɗi. Buhun siminti ɗaya ko biyu da birkila na yini guda sun isa yawancin azuzuwanmu. Doka ma tana bayanka in shugaban makaranta ya yi nawa: a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa, wadda ta bai wa gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, miliyan ɗaya ga kamfani. Wa'adin ya cika tuni. Sai dai ni ban taɓa buɗe baki da tara ba, na kan ce za mu yi gangaren da kuɗinmu mu bar wa makaranta.

Makewayi shi ne inda sansani ke tashi ko ya faɗi, kuma shi ne abin da masu shiri suka fi mantawa. Masai na tsuguno ba ya yiwuwa ga yaron da ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, wanda ke rarrafe kuwa da tafin hannunsa zai bi ta kan ƙazantar wasu. Abin da yaran ke yi, ba tare da sun gaya wa kowa ba, shi ne su daina shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama su. Ware makewayi ɗaya. Sami kujerar roba mai ƙarfi a huda tsakiyarta a ɗora kan ramin, a kafa ƙarfe ko gora a bango don riƙewa, a ajiye buta da sabulu inda hannun mai zaune zai kai, a wanke shi sau uku a yini. Ƙofar ta rufu daga ciki. Wurin alwala ma a sa benci. Don makafi, ja igiya daidai ƙugu daga ƙofar aji zuwa makewayi, ka yi mata ƙulli a duk inda hanya ta lanƙwasa, kuma kada a canja wa kujeru da bokitai wuri ba a gaya musu ba.

Ka ware aji ɗaya nesa da lasifika, da tabarma da labule, don yaron da hayaniya ta yi wa yawa. Kada a taɓa kai kowa can da sunan horo.

Sansanin ya zama jeka-ka-dawo. Tun sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020 iyaye a jihar nan ba sa sakin jiki da kwanan yara a waje, kuma suna da gaskiya. Yi yarjejeniya da masu kurkura (adaidaita sahu) biyu ko uku da aka sani a unguwa, su ne kullum, da babba ɗaya a kowace tafiya. Lambar ɗaya daga cikinsu ta zama ta gaggawa, ya kasance kusa har a tashi.

Mataki na uku: mutanen da za ka yi aiki da su

Kwana biyu kafin buɗewa ku zauna ku koyi aikin. Abu mafi amfani da za ka yi shi ne ka sa manya masu naƙasa cikin malamai, a matsayin masu koyarwa da ake biya abin da ake biyan kowa. Makahon da ya iya burel, wato rubutun makafi mai ɗigo shida da Louis Braille na Faransa ya ƙirƙiro, ko gurgun da ke walda ko gyaran waya, in ya tsaya gaban aji yana ba da umarni, yara masu gani da masu tafiya suna cewa "to Malam", ya gama maka rabin wa'azin da za ka yi. In wani cikin ma'aikata ya fara "ai wannan ba abin da zai gane", tuna masa dalilin saukar suratu Abasa, da matsayin da Abdullahi ɗan Ummi Maktum ya kai har ya zama ladani a Madina.

Kan kurame akwai abin da ke rikita sabon shiga. Maganar hannu iri biyu ce a nan. Akwai ta gargajiya da kuramen ƙasar Hausa ke yi a kasuwa da majalisa, akwai kuma ta makaranta wadda tushenta na Amurka ne. Yaron da ke Malumfashi yana iya zuwa da ta biyu, wanda bai taɓa shiga aji ba yana da alamomin da shi da 'yan gidansu kawai suka sani. Nemi tafinta kurma ko wanda ya tashi cikin kurame, ka kuma roƙi ƙanin yaron ya nuna maka alamomin gida.

Yawan ma'aikata ya danganta da katunan da ka tara. Yaron da ke buƙatar a ɗaga shi, a ba shi abinci, ko mai yawan ficewa da gudu, yana buƙatar babba nasa shi kaɗai. Sauran, babba ɗaya ga yara biyar ko shida ya wadatar.

Dokoki uku ba sassauci a cikinsu. Mace ke kai yarinya makewayi, namiji ke kai yaro. Babba ba ya kaɗaita da yaro a bayan rufaffiyar ƙofa, ko da yaushe a sami na biyu a kusa. Ba bulala, ba tsallen kwaɗo, ba kamun kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yara masu naƙasa sun fi sauran fuskantar cin zarafi kusan ninki huɗu, kuma dalilin a fili yake: mai mugun nufi ya san wadda ba ta magana ba za ta kai ƙara ba. Kafin ka taɓa jikin yaro, ko don taimako ne, gaya masa abin da za ka yi ka jira ya yarda. In ka ga tabo ko wani canji da ya tayar maka da hankali, rubuta abin da ka gani ka kai wa shugaban sansani a ranar, kada ka tsaya bincike da kanka.

Mataki na huɗu: ranar farko

Raba yara rukuni-rukuni a gauraye, kowane da sunansa da tutarsa. Yara za su yi tambaya, wani lokaci da ƙarfi: me ya sami ƙafarsa, me ya sa fatarta take fara haka? Kada ka daka tsawa, tsawa ke koya musu cewa abin kunya ne. Amsa a gajarce, "haka aka haife ta, rana tana ƙona fatarta shi ya sa take sa malafa", ka wuce. In yaron yana son ya amsa da kansa, bar shi.

Kada ka naɗa wa kowa ɗan jagora na dindindin cikin yara. In ka yi haka ka mai da ɗaya ma'aikaci, ɗayan kaya. A riƙa juyawa, kuma taimakon ya riƙa tafiya ta kowane ɓangare: wanda aka tura kekensa da safe shi zai koya wa mai turawar dara da hantsi. Ku ƙirƙira wa kowa suna da alamar hannu, har malamai, yara suna son wannan ƙwarai. Jadawalin yini a zana shi da hotuna a allo, a kuma faɗe shi da baki kowace safiya, a jingina shi da abin da kowa ya sani: kafin karin kumallo, bayan azahar.

Wasu ɗabi'u sai ka koya wa kanka har su zama jiki. In za ka yi wa makaho magana, faɗi sunanka, in za ka tashi ka ce ka tashi, kada ka bar shi yana zance da iska. In za ku yi tafiya, shi zai riƙe hannunka sama da gwiwar hannu, kana gaba da rabin taku, kana faɗin "kwata", "matakala biyu, hawa". "Ga shi can" ba ta da ma'ana a wurinsa, ce masa tuwo na damanka, ruwa na hagunka. Kurma kuwa ka tsaya inda haske ke fuskarka, ka taɓa kafaɗarsa ko ka ɗaga hannu kafin ka fara, ɗaga murya ba ya ƙara komai. Keken yaro kamar jikinsa ne, ba a jingina da shi, ba a turawa sai an tambaya. Mai jinkirin fahimta a ba shi umarni ɗaya a lokaci guda, a nuna masa da hannu, sannan a yi shiru a ƙirga goma a zuci kafin a maimaita. Wannan shirun ya fi komai wuya ga malami.

Mataki na biyar: wasa, inda aikin yake

Duk wasan da ka ɗauko, tambayi kanka wanne za ka taɓa cikin abu huɗu: filin, kayan wasan, dokar, ko yawan 'yan wasa. Yawanci ɗaya ya isa. Ka yi ƙoƙari canjin ya hau kan kowa, don kada a ce ana yi wa wane alfarma.

Ɗauki ƙwallo. Saka ta cikin leda ka ɗaure, tana birgima tana ƙara, makaho ya san inda take. Akwai wasan da aka ƙirƙiro a 1946 don sojojin da suka makance a yaƙin duniya na biyu, har yau ana yinsa a gasar masu naƙasa ta duniya: mutum uku-uku, kowa an ɗaure masa ido, ana mirgina ƙwallo mai ƙararrawa a ƙasa, abokan hamayya suna kwantawa su tare. Ana iya yinsa a aji in an kwashe benci. A shimfiɗa igiya a ƙasa don a riƙa laluben iyaka, 'yan kallo kuma su yi tsit. Ranar da muka fara shi, masu gani ne suka riƙa roƙon a sa makahon a ɓangarensu.

Ga masu keke da masu rarrafe, a zaunar da kowa. Ƙwallon raga a zaune, da igiya a madadin raga da balan-balan ko ƙwallo mara nauyi, tana daidaita kowa. Ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan allon taya, wadda waɗanda shan inna ya taɓa suka shahara da ita a Arewa, in ka gayyato 'yan wasanta su yi nuni na awa ɗaya, yara za su yi sati suna kwaikwayo. A siminti ake yinta, a nemo safar hannu ko tsofaffin silifa don tafin hannu.

Wasanninmu na gida da yawa ba sa ma buƙatar gyara. Dara rami talatin ce a ƙasa, ɗaya na da tsinke goma sha biyu ɗaya na da duwatsu, duk hannu na iya bambancewa, dokar kawai ita ce mai gani ya faɗi inda ya ajiye. Carafke a sa manyan 'ya'ya ga wadda yatsunta ke da tauri, a yarda kowa ya cafe da hannu biyu. A gaɗa, kurma tana bin tafi da ido, in kuma an kawo ganga ta ɗora hannu a jikinta za ta ji bugun. Usur kuwa a haɗa shi da tuta, alƙali ya busa ya ɗaga a lokaci guda. Tatsuniya a yi ta da kwaikwayo, wani Gizo wani Ƙoƙi, a sa tafinta kusa da mai bayarwa. Kacici-kacici a ba kowane rukuni lokacin shawara kafin amsa, in ba haka ba masu saurin baki ne za su cinye.

Tarko biyu ke nan da na faɗa cikinsu, kai ma za su ja ka. Na farko, mai da yaro alƙalin wasa ko mai rubuta maki kullum. Wannan gindin bedi ne aka sake wa suna. In juyi ya zo kansa ya yi, gobe wani ya karɓa. Na biyu, a bar shi ya ci da gangan. Yara suna ganewa, shi ma yana ganewa, kuma ba abin da ke ƙona rai kamar a yi maka tafi kan abin da ka san ba ka yi ba. A ci shi, ya ji haushi, ya dawo gobe da shiri. In ya yi rashin kunya ko ya yi maguɗi, a hukunta shi da fita na minti biyu kamar kowa.

Kai kuma ka koyi ja da baya. Muddin kana manne da yaro, sauran yara ba za su matso ba, da kai za su riƙa magana a madadinsa. In ka ga wasa ya kankama, koma taku biyar, ka sa hannu a aljihu.

Wani lokaci yaro mai galahanga (lalurar da ake kira autism da Turanci) zai toshe kunne, ya yi ta ihu ko ya kwanta a ƙasa. Hayaniya ko canjin da ba a sanar da shi ba ne suka fi jawo haka, kuma a wannan halin ba ya jin rarrashi balle faɗa. Janye 'yan kallo, rage magana, kawar da abin da zai ji masa ciwo, in zai iya tashi ku tafi ajin nan mai labule. Bayan ya huce ka rubuta abin da ya faru daf da farawar. In ka yi haka sau uku za ka ga zaren, sau da yawa lasifika ce ko yunwa.

In za ku fita yawon gani da ido, je ka duba wurin tukuna. Hasumiyar Gobarau tarihi ce babba, amma hawanta matakala ce ƙunci, rabin yaranka za su tsaya a ƙasa suna jiran labari. Rijiyar Kusugu a Daura ta fi dacewa da irin wannan tafiyar, domin kowa na iya kama igiyar guga, ya taɓa ruwan, ya ji labarin Bayajidda da macijin a inda aka ce abin ya faru. Tafiyar kimanin kilomita 80 ce daga Katsina, sai a yi lissafin makewayi a hanya.

Mataki na shida: lafiya

Akwatin agajin gaggawa da mutum ɗaya da ya sami horo, ko daga Red Cross ko cikin 'yan agaji, wajibi ne. Magungunan yara suna wurin mutum ɗaya, cikin kwalinsu na asali da sunan yaro, ana rubuta lokacin da aka ba da. Kada ka ba da maganin da iyaye ba su kawo ba.

Farfaɗiya ce ta fi tsorata ma'aikata, ga camfi ya yi mata yawa. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓawa. In yaro ya faɗi, duba agogo. Kawar da benci da duwatsu, sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, sassauta wuyan riga. Kada a danne shi, kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko manja, domin yana iya shaƙewa. In jijjigar ta tsaya, juya shi kan gefensa don yawu ya fita, ka zauna da shi har ya dawo hayyacinsa, a rufe shi da zane in ya yi fitsari. In ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko ya ji rauni, ko numfashi ya yi wuya, ko wannan ne karo na farko, sai asibiti nan take. A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da babban asibiti, a Daura ma akwai babban asibiti, ka san tun kafin buɗewa wanne ya fi kusa da ku. Mai son yin addu'a ya yi daga gefe, ba ta hana ɗaukar yaro.

Mai sikila abokan gabansa ƙishirwa da sanyi da gajiya. Gorar ruwa a hannunsa kullum, kada ruwan sama ya dake shi, in ya jiƙe a canja masa kaya nan da nan, ya huta in ya ce ya gaji ba sai an ga alama ba. In ciwo ya tashi a sa tsumma mai ɗumi, ban da ƙanƙara, a kira gida. Zazzaɓi, ciwon ƙirji, wahalar numfashi ko karkacewar baki a wurinsa na asibiti ne kai tsaye. Zabiya kuma malafa, riga mai dogon hannu, man kare fata, wasa a inuwa in rana ta take, ko da akwai hadari a sama. Yawancinsu ganinsu ba ya nisa, a zaunar da su gaba a rubuta da manyan baƙaƙe.

Yaron da gaɓoɓinsa ke sanƙarewa, a zaunar da shi a miƙe sosai kafin a ba shi abinci, loma ƙanana, a jira ya haɗiye. Mai zama a keke yini guda a taimaka masa ya riƙa sauya zama don gudun gyambo. Agusta kuma watan zazzaɓin cizon sauro ne, yaron da ba ya magana ba zai ce maka kansa na ciwo ba. In ka ga mai kuzari ya yi lakwas, taɓa goshinsa.

Tashi, da ranar rufewa

Kowace yamma ma'aikata su tsaya minti goma sha biyar, a bi sunayen yara ɗaya bayan ɗaya: wa ya yi wasa da wa, wa ya zauna shi kaɗai, me za a canja gobe. Wanda ya zo ɗaukar yaro a gaya masa abu ɗaya takamaimai, "Hajiya, yau ita ta ci wa rukuninsu dara sau biyu". Iyayen nan sun saba in malami ya kira su ƙorafi ne.

Ranar rufewa kada a ware kyautar "naƙasasshen da ya fi ƙoƙari". Kyaututtukan su zama na rukuni, ko na abin da aka yi da gaske. Manyan baƙi a taƙaita jawabinsu, yara ba sa iya zaman awa biyu a rana ana yabon kai.

Katunan nan a mayar wa iyaye, bayan an ƙara a bayan kowanne abin da aka gano yana yi wa yaron aiki: irin zaman da ya fi masa, alamomin hannun da ya koya, abin da ke tayar masa da hankali. Cikin yaran za ka tarar da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba. Kafin a koma makaranta a Satumba, ka sa rana da mahaifin ko mahaifiyar, ku ɗauki katin ku je wurin hedimasta tare. In makarantar da kuka yi sansanin ce, gangaren da kujerar makewayin suna nan, sai ka fara nuna masa su kafin ka kawo maganar rajista.